Kwana Huɗun da Na Ɓata a Kuala Lumpur

Tun da na dawo daga Malesiya ban huta da tambaya ba. A masallaci a tare ni, a ofis a tare ni, har mai shayin bakin kwatar jiragen ruwa sai ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam Bala, wai da gaske da shinkafa suke karya kumallo?" Sai in ce da gaske ne, in ciro waya in nuna hotona a gindin tagwayen benayen nan, a yi ta mamaki a watse. Abin da ban cika faɗa ba shi ne, takardar da aka tura ni in samo ban dawo da ita ba. Na ga gara in rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

A Yawuri nake aiki, a sashen da ke kai ɗauki in jirgin ruwa ya kife. Mahaifina basarke ne, masunci, cikin ruwa na buɗe ido. Shekarun baya an kai mu Legas aka koya mana nutso da silindar iska, na yi mataki na farko da na biyu. Na uku shi ne na ceto, inda ake koya wa mutum yadda zai ɗauko wanda ya suma ko ya firgita a ƙarƙashin ruwa. Ofishinmu na shirin kafa ƙungiyar ceto, kuma mai wannan takarda shi zai shugabance ta. Aka zaɓe ni, aka ba ni mako uku. Ɗan ƙanwar mahaifiyata, Nura, yana karatun digirin dokta a Kuala Lumpur, shi ya samo mini makarantar, ya turo mini sharuɗɗansu. Ɗaya daga ciki ya ce sai mutum na da satifiket na taimakon gaggawa da farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, kuma kada ya wuce shekara biyu da yi. Na tuna ina da wani a cikin ambulan, na ɗauko ambulan ɗin na cusa a jaka. Ko buɗe shi ban yi ba.

Daga Yawuri zuwa Abuja yini guda muka yi, don tayarmu ta fashe bayan Kontagora, safeyar kuma ba iska. Jirgi ya sauke mu a Doha, muka sake hawa wani. Kusa da ni wata tsohuwa ce 'yar Malesiya da ta dawo daga Umra. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarensu, amma dabino ta yi ta ba ni har muka sauka.

A filin jirgi ma'aikaciyar shige da fice ta tambaye ni me ya kawo ni. Na ce nutso. Ta dubi fasfona, ta dube ni, ta sake duban fasfon. Aka kai ni wani ɗaki na zauna kusan awa guda kafin wani babba ya zo ya karanta takardar makarantar. Ya ce, "Ashe kuna da teku a Najeriya?" Na ce muna da shi, amma ni a kogi nake aiki. Ya buga hatimi yana murmushi. A wajen kwastan kuwa aka karɓe kilishin da na yo wa Nura tsaraba, don ba a shiga da nama. Da suka kwance ƙullin daddawa, saurayin da ke binciken sai da ya ja da baya taku biyu. Ya ɗaure mini kayata da sauri ya ce in wuce.

Nura da matarsa Maryam suna zaune a Setapak, a bene hawa na goma sha ɗaya. Da jin labarin kilishi Maryam ta dafe kai.

"Yaya Bala, wata uku ina mafarkin kilishin nan!"

"Ki yi haƙuri, ga daddawa ta tsira."

"Ita ma da kyar, ko? Ai warinta ne ya cece ta."

'Ya'yansu biyu in na yi musu Hausa sai su amsa da Turanci, su ƙara wani "lah" a ƙarshen kowace magana. Washegari Nura ya kai ni shagon abinci na Indiyawa Musulmi, wanda suke kira mamak. Nan na fara ganin shinkafar safe, dafaffiya da madarar kwakwa, da soyayyun ƙananan kifi da gyaɗa da yaji mai zaƙi. Ni da na tashi cikin kifi ban taɓa ganin an zuba sukari a yajinsa ba. Shayinsu kuwa ɗaga shi ake yi sama a tsiyayo cikin wani kofi har ya yi kumfa, kamar dai na Buzaye, sai dai madara ta yi masa yawa. Nura ya gargaɗe ni kada in nuna abu da manuniya, da babban yatsa ake nunawa. Ya ce kuma, "Abu ɗaya, Yaya, mutanen nan ba sa ɗaga murya. In ka yi tsawa, ko kai ke da gaskiya ka faɗi." Na ce masa ai ni ba yaro ba ne.

Nura ne ya raka ni makarantar, tana saman wani shago, silindu jere a bango, rigunan roba rataye suna ɗiga. Mai ita Encik Azman ne. Encik kamar Malam yake a wurinsu. Ɗan gajeren mutum, furfura ta fara cin gemunsa, rana ta ƙone shi har ya kusa kama ni baƙi. Ya yi mini maraba, ya dafa ƙirji bayan mun gaisa, ya sa aka kawo mini ruwa. Ya duba takarduna ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan ambulan ɗin nan sai ya daɗe.

Da Turanci muke magana. Ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ta shekara huɗu da wani abu."

Na ce, "Ilimi yana ruɓewa ne?"

"Hannu yana mantawa. Ba matsala ba ce babba. Gobe Asabar muna da ajin taimakon gaggawa, yini ɗaya ne. Ka shiga, Litinin mu fara na ceto a wurin ninƙaya, ƙarshen mako mu tafi tsibiri a yi jarrabawa. Tafiyarmu ta ƙarshe ke nan bana, don iskar damina ta kusa rufe wancan gefen."

Da na ce to, da labarin nan ya ƙare a nan. Amma wani abu ya taso mini. Na ga kamar an raina ni, an raina takardar ƙasata. Na ce masa shekara goma sha biyar ina tsamo mutane daga ruwan da ba a ganin tafin hannu a cikinsa, ba irin nasu mai kama da na kwalba ba. Na ce ban ratso duniya don a zaunar da ni a koya mini naɗa bandeji ba. Muryata ta hau, har ɗalibai biyu da ke gwada takalman ninƙaya suka tsaya cak. Nura yana taɓa mini gwiwa ina ture hannunsa. Har na ce masa da Bature ne ya kawo takardar nan da bai duba kwanan wata ba.

Encik Azman bai canza fuska ba. Ya mayar da takardar cikin ambulan, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Tak boleh." Wato ba zai yiwu ba. "Ko ɗana ne, ba zai yiwu ba."

Abin kunyar, ni na san yadda na samu takardar. Wani taron bita ne na yini ɗaya a wani otal. Na sa hannu a rajista, na zauna a baya, da aka ci abincin rana na sulale gaishe da wani abokina. Abokin aikina ne ya karɓo mini ita. Duk ihun da na yi a kan wannan takarda na yi shi.

A jirgin ƙasa muna komawa Nura ya ce, "Yaya, don Allah ka koma gobe. Yini ɗaya ne fa."

"Shi kaɗai ne mai makaranta a garin nan?"

"Duk doka ɗaya suke bi."

"Za mu gani."

Kwana huɗu na yi ina gani. Nura yana tafiya jami'arsu a Jalan Semarak da safe, ni kuma in kira mota a waya in shiga gari. Na je makaranta uku. Ta farko wata 'yar Sin ta duba kwanan watan ta girgiza kai tun ban zauna ba. Ta biyu suka ce sai dai in fara da ajin taimakon gaggawa. Ta uku direba ya sauke ni a wata unguwa mai suna iri ɗaya a can wani gefen gari, ruwan sama ya tsuge mini, irin ruwansu da ke zuwa kullum da la'asar ba sallama. Na fake a wata rumfa inda ake sayar da wani ɗan itace mai ƙaya da suke ji da shi, duriyan. Mai rumfar ya ga baƙo jiƙe sharkaf ya ba ni yanki kyauta. Na ci don kada in kunyata shi. Ɗanɗanonsa ba laifi, amma warinsa ya sa na daina yi wa saurayin kwastan dariya.

Maryam ce ta karya ni. Ran Talata ta ajiye mini tuwo da miyar kuka da daddawar da na kawo, ta zauna nesa kaɗan ta ce, "Yaya Bala, ni ba na shiga maganar maza. Amma in ka koma gida, Inna ta tambaye ka me ka yi a Malesiya, ka ce mata fushi?"

Ran Laraba na koma. Encik Azman ya tarbe ni kamar ba abin da ya faru, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya ce ajin ceto ya yi kwana biyu da farawa, ba yadda zan kamo su, kuma ba zai sa ni a ruwa ba sai na yi na taimakon gaggawa. Aji na gaba sai Asabar, ranar da su kuma suke tsibiri. Wata ma'aikaciyar jinya ce za ta koyar. Sai ya jawo wani mutum-mutumin roba daga ƙarƙashin tebur, rabin jiki ne, kai da ƙirji da ciki, ya shimfiɗa shi a ƙasa.

"Ina da rabin awa. Ka ce ka daɗe kana tsamo mutane. Ga shi ka fito da shi yanzu, ba ya numfashi. Nuna mini."

Na durƙusa da ƙarfin gwiwa. Na yi abin da na ga mahaifina na yi, wanda kowa ke yi a bakin kwata. Na danna cikinsa da ƙarfi don ruwa ya fito. Na kifa shi na bubbuga bayansa. Na ɗaga shi ta ƙugu kansa ya yi ƙasa. Na sake danna cikin.

Ya ce, "Minti biyu sun wuce. Yaushe za ka ba shi iska?"

Na ce, "Sai ruwan ya fita tukuna."

Ya durƙusa kusa da ni. A hankali ya yi mini bayani. Ya ce wanda ya nutse rashin iska ke kashe shi, ba ruwan da ya sha ba. Danna ciki ba ya fitar da komai sai abin da ke tumbi, shi kuma yana iya komawa ya toshe maƙogwaro. Ya kwantar da robar rigingine, ya ɗaga haɓarta, ya toshe hancin, ya busa mata iska a baki har ƙirjin ya taso. Sannan ya ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirji yana dannawa da sauri, talatin, ya busa biyu, ya koma. Ya ce haka za a yi ta yi, ba tsayawa, har mutum ya motsa ko a kai ga likita.

Ina kallon hannunsa amma ba shi nake gani ba. Sahabi nake gani. Tela ne a layinmu, shi ya ɗinka mini kayan angonci. Damina biyu da suka wuce kwale-kwalensu ya kife suna dawowa daga kasuwar ƙetare, kusa da gaɓa, a gaban idonmu. Ni na shiga na ɗauko shi, kuma ban daɗe ba, jikinsa da ɗumi. Na danna cikinsa har hannuna ya gaji. Muka ɗaga shi ta ƙafa mu uku. Ya yi aman abincin da ya ci, mutane suka ce alhamdu lillahi ruwa na fita. Ba wanda ya busa masa iska ko sau ɗaya. Daga baya aka lulluɓe shi da zanen wata mata, aka yi ta sa mini albarka, ana cewa Bala ya yi iya ƙoƙarinsa. Yayansa Alhaji Mudi, wanda ke da jirage biyu a kwatar, har gida ya zo ya yi mini godiya.

Ban san na zauna dirshan a ƙasa ba. Na ba Encik Azman labarin, Turancina yana kakkaryewa. Na ce, "Da na yi masa haka, da ya rayu?"

Ya ce, "Ban sani ba. Na yi wa mutane daidai yadda ake so kuma suka mutu. Rai na Allah ne. Amma ba zan ce maka duk ɗaya ne ba, don ba ɗaya ba ne."

Ran Juma'a Nura ya kai ni masallacin Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa da ke tsakiyar gari, gidajen katako a ƙarƙashin dogayen benaye. Huɗubar da yarensu aka yi, ban fahimci komai ba sai ayoyin. Bayan salla layin ya cika da masu abinci, Nura yana ta nuna mini wannan da wancan, ya sa aka ƙunsa mana gasasshen kifi mu tafi da shi gida. Ban iya ci ba.

Ran Asabar na yi ajin. Mu tara ne, har da wasu 'yan mata biyu masu aikin renon yara da wani mai gadin otal. Malamar ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Sau uku tana mayar da ni, wai ina lanƙwasa gwiwar hannu, wai ba na barin ƙirjin ya dawo kafin in sake dannawa. Ta koya mana tsayar da jini, da yadda ake juya wanda ake zaton ya karye a wuya, da wata na'ura mai magana da ake manna wa ƙirji ta girgiza zuciya da lantarki, da 'yar robar da ake ɗorawa a fuska don kada baki ya taɓa baki. Kafin la'asar gwiwoyina sun yi tsami, rigata ta jiƙe. Yini ɗaya ne cif, kamar yadda aka faɗa mini tun farko.

A mako na ƙarshe mataimakin Encik Azman ya yi mini darussan wurin ninƙaya, ni kaɗai. Na koyi jan wanda ya suma a saman ruwa ina ba shi iska ina kwance masa kaya. Amma ba a ba da takardar ceto sai an yi jarrabawa a teku, tsibiran da suke zuwa kuma an rufe. Tafiya ta gaba can wani yanki ne mai nisa, bayan bizata ta ƙare. Suka rubuta mini shaidar abin da na yi, suka ce tana aiki shekara guda in na samu inda zan ƙarasa.

Na yi niyyar ba Encik Azman haƙuri kan maganar Baturen nan. Kullum sai in ce gobe, in na same shi shi kaɗai. Ranar da na shirya, har na sayi dabino na tafi da shi, aka ce ya wuce garinsu, mahaifiyarsa ba lafiya. Na bar dabinon da 'yar takarda. Daga baya na tura masa saƙo a waya, ya amsa da cewa ba komai, Allah ya kai ni gida lafiya. Amma a gaban mutane na ci masa fuska, ya kamata a ce a gaban mutane na ba shi haƙuri.

Da na dawo na shiga wurin shugabanmu na faɗa masa gaskiya, ban ɗora wa damina laifi ba. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Bala, kai da bakinka?" Shugabancin ƙungiyar aka ba wani da za a turo daga Birnin Kebbi. Ban yi gardama ba.

Abin da na roƙa kawai a bar ni in tara masu jirage a bakin kwata ran da ba kasuwa. Ba mu da mutum-mutumin roba, sai na cika buhu da ɓuntun shinkafa na ɗaure, na sa masa tsohuwar riga. Mutum goma sha wani abu suka zo. Da na zo maganar busa iska a baki aka fashe da dariya, wani ya ce shi kam ba zai sumbaci gardi ba ko a ruwa ko a tudu. Na bari suka gama, sannan na ce musu danna ciki da ɗaga mutum ta ƙafa da muke yi ba ya ceton kowa, lokaci kawai yake ci. Dariyar ta tsaya. Sai a lokacin na lura da Alhaji Mudi a baya, jingine da jirginsa.

Ya matso a hankali, mutane suna ba shi hanya. Ya ce, "Bala, tun yaushe ka san wannan?"

"Wata biyu ke nan, Alhaji."

"Lokacin Sahabi ba ka sani ba."

"Ban sani ba. An taɓa tura ni in koya, na bar wurin tun ba a gama ba."

Ya dube ni har na sunkuyar da kai. Ya ce, "Da ka sani, da yana nan?"

Na ce, "Allah kaɗai ya sani, Alhaji. Amma da na ba shi abin da ban ba shi ba."

Ya juya ya kalli ruwa, ya daɗe. Na ɗauka tafiya zai yi, kuma da ya tafi ba zan ga laifinsa ba. Sai ya cire hularsa ya miƙa wa na kusa da shi, ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa a kan yashi gaban buhun da kyar, don gwiwarsa na damunsa. Ya ɗora hannu kan hannu.

Ya ce, "A nan ne?"

Na gyara masa hannun, na matsar da shi sama kaɗan.

Ya ce, "To, ƙirga mini."